Sawun Baba a Bayan Kabad

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma surukina ya riga mu komawa ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar. Ya ci abinci, ya wanke burushinsa ya jingine a taga, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Da lokacin sallah ya yi, na tsaya daga bakin ƙofa ina gyaran murya kamar yadda na saba, don tunda na auri 'yarsa ban taɓa kai hannu jikinsa yana barci ba. Na yi ta gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Sai da na ji an tayar da sallah a masallacin layinmu, Baba bai motsa ba, sannan na cire kunya na taɓa ƙafarsa.

A ɗakinmu na unguwar Utaiƙa a birnin Riyad, bayan kasuwar kayan marmari, muka yi zaman makoki kwana uku. Ɗakin bai fi na mutum huɗu ba, amma ya ɗauki abin da ban ƙirga ba. Wani direba Basakkwace ya shigo yana share ido da bakin hirami, ya ce, "Wanga bawan Allah, in ka shigo, ƙahwarka ya ka hwara gaisawa da ita kahin kai." Aka yi dariya cikin hawaye, don kowa ya san gaskiya ya faɗa. Likitan da ya yi shekaru yana duba shi, mutumin Kano, ya ce, "Ni ina rubuta masa maganin hawan jini, shi yana gaya mini daɓen ofishina ya fi shi buƙatar magani." Basudanen da muke sayen kayan aiki a shagonsa ya kasa cewa komai sai "Mu'allim, mu'allim," yana bubbuga ƙirji. Abokin aikinmu ɗan Bangaladash kuwa bai ma zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jera takalman masu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, kowanne bakinsa na kallon waje, yadda Baba yake jera su.

Ana haka wani injiniya, mutumin kirki ne kuma ba da wata manufa ya faɗa ba, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki rayuwa. Shekara ashirin da wani abu a Riyad, ko bulo ɗaya babu da za a nuna a ce nasa ne." Aka ce haka duniya take, aka wuce wurin. Ni ban wuce ba.

A nan ƙasar ba a rubuta suna a kabari. Ko a maƙabartar Al-Oud, inda manyansu ke kwance, duwatsu ne kawai. Matata, wadda ke can Funtuwa da yaranmu, ta roƙe ni in ɗauko mata hoton inda aka sa mahaifinta. Washegari na koma maƙabartar na ɗauka na tura. Can ta rubuto, "Wanne ne a ciki?" Na ƙura wa hoton ido, ga tudu ga tudu duk iri ɗaya, kuma wallahi ni da na zuba masa ƙasa da hannuna sai na ji ina kokwanto.

Abu ɗaya na sani wanda injiniya bai sani ba. Akwai wuri guda a garin nan da Baba ya bar alama, kuma ni na ɓoye ta shekara goma sha ɗaya. Ranar uku, ana cikin addu'a, wayar Baba ta yi ƙara a aljihuna. Ɗan masu gidan da alamar take ne yake neman mu'allim, wato gwanin aiki, kamar yadda suke kiran Baba. Da na gaya masa, ya yi ta'aziyya sosai, sannan ya ce bututu ya yi yoyo a bangon falonsu, ruwa ya shiga katako, suna son a zo a kankare daɓen gaba ɗaya in an gama makoki. Na ce to, muryata na rawa, shi kuma ya ɗauka rasuwar ce kaɗai.

Kafin in kai ga wannan, bari in faɗi wane ne Baba.

Kafinta ne tun daga gida. Da ya zo Riyad sai ya tarar masu hali suna shimfiɗa katako a ƙasa suna takawa, abin da ya ce da farko ya ɗauka almubazzaranci ne, daga baya ya zama abincinsa. Aikinsa shi ne in daɓen katako ya dushe, ya zo ya sake masa sheƙi. Man da ake shafawa, wanda in ya bushe yake zama kamar gilashi a kan itacen, warnish ake ce masa a nan. Aikin iri biyu ne. Akwai kankara, wato a sa inji a cinye tsohon man duka har a isa tsiraicin katako. Akwai kuma sabunta shafa, wato a wanke daɓen, a ɗan goge samansa da samfefa mai laushi don sabon mai ya sami abin kamawa, a share ƙura, a shimfiɗa sabon warnish a kan tsohon. Na biyun shi ne abin son Baba. Yakan ce kowace kankara tana cin kwanan katako, saboda haka ba a yin ta sai dole ta zama dole.

Yadda yake gane dolen kuwa, ɗigon ruwa ne. Zai tsoma yatsa a kofi ya ɗiga a ƙasa, ya tsuguna yana kallo. In ɗigon ya tsaya cur, tsohon man na da sauran rai, shafa ta isa. In katako ya shanye, sai kankara. Na ga masu gida sun yi ta yalla-yalla a kansa, wato ya yi sauri, shi yana tsugune yana jiran ɗigon ruwa ya gama magana.

Ko'ina ya shiga ƙasa yake fara kallo. Ranar da muka fara hawa jirgin ƙasan cikin gari, kowa na ɗaga kai yana kallon rufin tasha, na waiga na ga surukina ya durƙusa yana shafa daɓe da tafin hannu. Wani ma'aikaci ya rugo yana tambaya ko wani abu ya faɗi. Baba ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala, gaisawa muke." Aljihunsa kuma ba ya rabo da safa. In ka zo duba aiki babu safa, zai zaro ya miƙa maka, ko da kai ne ka gina gidan. Na taɓa ganin ya tsayar da wani babban mutum da rigar alfarma a bakin ƙofar falonsa, ya hana shi shiga sai da ya sa safar da ɗaya ja ce ɗaya ruwan toka.

Magana ɗaya yake yawan maimaitawa, har abokin aikinmu da ba ya jin Hausa ya haddace ta: "Mai wannan aiki ba ya barin sawu." Daga kuryar ɗaki ake fara shafa, ana ja da baya, ana bin tsawon katako, ba a barin bakin man ya bushe kafin a haɗa shi da na gaba, har a fita ta ƙofa da baya a ja ta a rufe. In an gama, kada a ga gashin burushi, kada a ga ƙura, kada a ga inda ka tsaya. In mai gida ya shigo ya ce "wa ya yi aikin nan?" Baba na ganin an zage shi. So yake a ce "kai, katakon nan mai kyau ne."

Shi ya nemo mini biza bayan an haifa mana 'yan biyu, kasuwar taya ta ƙi ni. Duk wanda ya ji sai ya riƙe baki: ɗaki ɗaya da suruki? To haka muka zauna. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sai in ɗauki kwanona in fita baranda, ko rana ta kai ta narkar da kwalta. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba, Malam yake ce mini, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Matata kuma 'yar farinsa ce, don haka ita ma ba ta da suna a bakinsa. In zai tambaye ta sai ya kalli bango ya ce, "Mutanen gidan suna lafiya?" In ce, "Suna gaishe ku." Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da kallon bango na ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin nake gane yawan kewarta da yake yi.

Wata huɗu ina wanke daɓe da share ƙura kafin ya yarda in riƙe rola, abin da ake shafa man da shi. Ranar da ya yarda, a wani gida ne can arewacin gari, falo mai tsawo na wani katako mai tsada da ake ce wa oak, tsakiyar bazara. Mun kashe na'urar sanyi mun rufe tagogi, don iska na kawo ƙura, ƙura kuma in ta sauka a ɗanyen warnish ta zauna ke nan. Baba ya kifa bokiti a bakin ƙofa ya zauna, ya zaro carbi ya ce, "Malam, yau kai ne mu'allim, ni ɗan kallo."

Na ɗauki kaya na tafi kurya kamar yadda aka koya mini. Na sunkuya zan fara, sai wani abu ya faɗo mini. In na fara daga nan ina ja da baya, to tun daga farkon falon har ƙarshensa a goho zan tafi, bayana na nufar fuskar surukina, yana matsowa kusa da shi taku bayan taku. Na miƙe zumbur. Na gwada ta gefe, ba ta yi ba. Na waiga, sai na ga carbin ya tsaya a hannunsa, zafi da ƙoshi sun sa gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wani zai ce ai shi ke nan, tunda ya yi barci. Wanda ya faɗi haka bai yi surukuta ba. Suruki ko yana barci suruki ne, kuma ba a san lokacin da zai buɗe ido ba.

A kuryar falon akwai ƙofar gilashi mai fita lambu. Na ce alhamdu lillahi, ga mafita. Na lallaɓo na fara daga gaban Baba, ina fuskantarsa cikin ladabi, ina ja da baya zuwa kurya. Kuma ba don yabon kai ba, shafar ta yi kyau. Sai da na isa kurya, wurin tsayawata bai fi faɗin dadduma ba, na miƙa hannu baya na murɗa ƙofar gilashin. A kulle take, makullin na wurin masu gida.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaga murya in ce Baba. Sai na yi gyaran murya. Falon da tsawo, bai ji ba. Na sake yi. Warin man ya cika ɗakin, ba iska, gumi na zuba har cikin idona. Na ce bari in jira ya farka da kansa, ai ba zai daɗe ba. Na tuna ina kallon hularsa tana zama biyu, daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo, a baranda nake kwance, an jiƙa mini kai, abokin aikinmu na yi mini fifita da kwali. Shi ya ba ni labari daga baya da guntun Larabcinsa da hannuwa. Ya ce ƙarar faɗuwata ta tashi Baba. Mutumin da ko ƙuda ya sauka a ɗanyen aikinsa sai ya yi kwana biyu yana mita, bai tsaya ko cire hula ba, ya ratsa tsakiyar warnish ɗin ba takalmi ba safa, ya ɗaga ni ya goya, ya sake ratsowa. Dattijo mai shekara sittin ya goyi mijin 'yarsa.

Na buɗe ido na gan shi zaune yana kankare man daga tafin ƙafarsa da tsinke. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Malam, me ya kai ka farawa daga ƙofa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na ga kuna zaune ne."

Na ɗauka bai gane ba. Can na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi ba sauti, hawaye na bin gemunsa. Da ya samu numfashi ya ce, "To Malam, da ganin bayanka da ganin gawarka, wanne kake ganin zai fi mini sauƙin kai wa yarinyar nan labari?"

Wannan ne karo na farko da na ji ya ambace ta ita kaɗai, ba "mutanen gidan" ba.

Da mai gidan ya zo ya ga falonsa da sawaye tun daga ƙofa har kurya, ya tambayi wa ya yi wannan. Baba ya ce, "Ni na taka," ya nuna ƙafarsa. Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai yi ƙarya ba. Muka jira man ya bushe sosai, muka dawo gyara. Ni ya ba aikin goge sawayen, ya ce wanda ya jawo ruwa shi ruwa kan doka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da samfefa har na iso kurya. Na ƙarshen ya fi duka zurfi, don a nan ya dage ya ɗaga ni. Ƙafar dama ce, komai ya fito, har ɗan ƙaramin yatsansa da ya hau kan na kusa da shi. Na ɗora samfefa a kai, hannuna ya ƙi. A wurin ne masu gida ke ajiye wani ƙaton kabad. Na waiga, Baba na can yana haɗa mai. Na share ƙurar wurin, na bar sawun, sabon warnish ya bi ta kansa ya rufe.

Daga ranar, in ni ke shafa, Baba yakan kifa bokitinsa a bakin ƙofa ya zauna yana kallon waje. Ya ce, "Ga bayana ga naka, an yi kunnen doki." In na kusa ƙofa sai in yi gyaran murya, shi kuma ya ja bokitin gefe ba tare da ya waiwayo ba, in fito in rufe. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labari. Baba na da taurin kai da zai ishi unguwa. Sau ɗaya muka yi faɗa, in za a kira shi faɗa. Ana saura kwana uku sallah wani mai gida ya matsa a shafa masa falo kafin baƙi su zo. Daɓen an daɗe ana goga masa man ƙyalli na kanti, kuma sai an wanke wannan tas, in ba haka ba sabon warnish ba ya kamawa. Wankin kaɗai kwana biyu ne. Ni na ce wa mutumin za a yi, ban shawarci Baba ba. Da ya ji, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce, "Baba, ai in an shafa ba wanda zai gani." Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Wanda ya shafa mai a kan datti, gida ya gina wa datti." Ya tattara kayansa ya fita, ya bar ni da kunyar mai gida.

Kwana tara ba mu yi magana ba, muna ɗaki ɗaya. Abokin aikinmu ya zama ɗan aike tsakanin Hausawa biyu. Baba zai gaya masa da Larabci a gaya mini in miƙo tsumma, alhali tsumman na kusa da shi fiye da ni. Ni ma da zuciyata, na ce ai ni ba yaro ba ne. Ranar ta goma na fita baranda da kwanona, na buɗe na tarar da ƙafar kaza biyu, bayan na san guda ɗaya na zuba. Na ci ina kuka, kuma har ya bar duniya ba wanda ya tayar da maganar.

Na sha roƙonsa ya koma gida ya huta. Sai ya ce bari ya gama aikin da ke hannunsa. Aikin hannunsa kuwa ba ya ƙarewa, don duk gidan da ya taɓa shafawa shi suke nema in ya dushe. Gidan kabad ɗin ma sau uku muka koma sabunta shafa. Duk zuwa gabana na faɗuwa in an janye kabad. Duk zuwa kuma Baba yakan ce, "Malam, ka ji da kuryar nan, gwiwata ba ta son kurya," ya tafi can wani gefe yana duba bakin ƙofa. Ni kuma in yi hamdala, in bi ta kan sawun a hankali, in ce lallai ina da sa'a. Kowace shafa tana ɗan cike shi, amma in haske ya zo ta gefe yana nan.

Mako biyu bayan rasuwar na je gidan. Aka janye kabad. Ruwan ya bi gindin bango ya baƙanta katakon kuryar, ya tsaya dab da diddigen sawun. Na tsuguna na daɗe. Zuciyata ta ce in gaya wa ɗan masu gida shafa ta isa, ai kabad zai rufe baƙin, ba wanda zai gani. Da na ji "ba wanda zai gani" a cikin kaina, na san muryar wa ce, kuma na san amsar da aka taɓa ba ta. Duk da haka na tsoma yatsa a kofi na ɗiga, ko Allah zai sa. Katakon ya shanye ɗigon kafin in ƙifta ido.

Da aka tafi cin abincin rana na kira matata ta bidiyo. Na ce akwai abin da zan nuna mata, kuma akwai laifin da zan faɗa. Na kwantar da wayar ta gefe yadda haske zai kama. Ta matso da fuskarta, sai na ji ta ja numfashi.

"Ƙafar Baba," ta ce. "Ga ɗan yatsan nan."

Na fara ba ta labari tun daga bokiti, ta tare ni. "Baban 'yan biyu, na sani."

"Kin san me?"

"Duka. Har goyon." Tana kuka tana dariya, irin dariyar ubanta. "Zuwansa hutu na farko bayan tafiyarka, ina bayan ƙofa na ji yana ba Inna labari. Ya ce, mijin yarinyar nan ya ɓoye ƙafata a bayan kabad ɗin Larabawa, yana tsammanin ban gani ba. Inna ta ce to ka sa ya goge mana. Ya ce a'a, ku bar shi, ita ce maganar da ya kasa gaya mini da baki. Ya ce kuma duk wanda ya faɗa maka bai yafe ba, don kunya za ta kashe ka a karo na biyu."

Kifi na ganinka mai jar koma. Shekara goma sha ɗaya ina ɓoye wa mutum abu, ashe shi yake taya ni ɓoyewa. Gwiwar da ba ta son kurya, ita ce take tsugunawa rabin sa'a a gaban ɗigon ruwa, kuma ban taɓa haɗa biyu da biyu ba. Na kifa kaina a bango na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na natsu na ce mata, "Sun ce a kankare. In na kankare, shi ke nan, babu abin da ya rage nasa a garin nan. Ki ce in bari, in san yadda zan yi."

Ta share fuska da bakin mayafi. "Katakon ya sha ruwa?"

"Ya sha."

"To me Baba zai yi?"

Ita ta ba kanta amsa, ta ce, "Yana da rai ya bar maka shi don kai. Yanzu kuma aikinsa ne ya rage, kada ka bar masa aibi a ciki. Ni na gani, ya ishe ni. Wanda na kasa ganewa a maƙabarta, ga shi na gane a nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka ɗan riƙe wayar haka tukuna."

Na riƙe har hannuna ya gaji. Ita ta fara cewa to.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya shafe su yadda ya shafe na mutane bai tona ba. Allah ya haskaka kabarin da ba mu iya nunawa, shi ya san inda yake. Ya ba surukata da matata haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Da hannu na goge kuryar, ban bar inji ya taɓa ta ba. Kwana huɗu muka yi muna kankara da gyara. Ranar shafa ta ƙarshe na kashe na'urar sanyi, na rufe tagogi, na fara daga kurya ina ja da baya, ina bin tsawon katako. Wurin ya kwanta sumul, ko ni ba zan iya nuna inda ƙafar take ba. Da na kusa ƙofa sai na ji na yi gyaran murya. Na tsaya a sunkuye, rola na ɗiga, ina jira a ja bokiti.

Ni na kifa shi a wurin da safe, ban ma san na yi ba. Na ce, "Baba, ku gafarce ni," na tura shi gefe da diddige, na ja shafar ƙarshe, na rufe ƙofa.